An cire wa 'yata maki ɗaya cur don kociyarsu ta taɓa bayanta

Maman Ilham:
Assalamu alaikum iyaye da malamai. Tun ranar Asabar abin nan yake cina, na ce bari in kawo shi zaure in ji ta bakin masana. Waɗanda suka je gasar jimnastik ta yara da aka yi a ɗakin taron wata makaranta sun gani da idonsu, ba sai na kama sunan makarantar ba.

Ilham shekararta tara. A wasan ƙasa, wato wanda ake yi a kan shimfiɗaɗɗun katifu, da ta zo yin alkafurar baya, wadda ake wulla jiki baya a dafa hannu a dira da ƙafa biyu, sai kociyarsu ta matso ta ɗora tafin hannu a tsakiyar bayanta. Wallahi ko daƙiƙa ɗaya hannun bai yi ba. Yarinya ta dira tsaf, ta ɗaga hannuwa sama, ɗaki ya ɗauki tafi. Da sakamako ya fito sai ga ta ta bakwai cikin su tara. Na je teburin alƙalai, aka ce min an cire mata maki ɗaya saboda taɓawar, kuma alkafurar ma ba a ƙirga ta ba sam, kamar ba ta yi ba. Abin da ya fi ƙona min rai, wata yarinya ta yi irin alkafurar ta zube da mazaunai dam, kowa ya ji ƙarar, amma tana gaban Ilham a jeri. Wadda ta faɗi ta fi wadda ba ta faɗi ba? Tun daga can har Unguwar Rimi kuka take a mota.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Hajiya ina wurin, na gani. Ni ma abin bai min ba. Yara ne fa, ba Olamfik ake yi ba. Malama ta kare yarinya kada ta karya wuya, sai a hukunta yarinyar? To gobe ta tsaya ta naɗe hannu ke nan.

Anti Alƙaliya:
Maman Ilham, sannu, Allah ya ba ta haƙuri. Ba ni a teburin ranar, amma da ina wurin abin da zan rubuta ke nan, kuma gara in faɗa miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba.

Kundin dokar da muke bi na hukumar jimnastik ta duniya ne, FIG, mai hedikwata a Lausanne ta ƙasar Suwizalan. Tun 2006 sakamako kashi biyu ne. Akwai makin wahala, wato darajar motsin da yarinya ta yi, ana tara shi daga sifili. Akwai makin iya aiwatarwa, ana farawa daga 10 a riƙa ragewa: ƙaramin kuskure 0.1, matsakaici 0.3, babba 0.5, faɗuwa 1.0. Idan koci ya sa hannu ya taimaka a cikin motsi, ana cire 1.0, sannan motsin ya tashi a banza, ba shi da daraja. A tsallen tebur ma, wanda ake rugowa a dafa tebur a wulla jiki, abin ya fi haka tsanani, da an taimaka sakamakon tsallen sifili ne.

Ita waccan da ta zube, da alama ƙafarta ce ta fara taɓa ƙasa kafin ta zauna. Don haka ta yi alkafurar da jikinta, an ba ta darajarta, an cire mata 1.0 na faɗuwa. Ilham an cire mata 1.0 ɗin, ba ta kuma samu darajar ba. Bambancin ke nan. Alƙali ba ya tambayar wa ya fi kyan gani a ƙarshe. Tambayarsa, wannan juyin da jikin wa aka yi shi?

Maman Ilham:
To Anti, ai da jikinta ta yi. Hannun ba ɗaga ta ya yi ba, taɓawa ce kawai.

Anti Alƙaliya:
In ina alƙalanci, daga inda nake zaune, nisan taku goma, ba ni da ma'aunin da zai nuna min ko hannun nan nauyin kilo biyar ya ɗauka ko na ganyen zogale. Abin da dai zan gani shi ne hannu a baya daidai lokacin da jiki ke juyawa. In na ce zan riƙa raba taɓawar da ta taimaka da wadda ba ta taimaka ba da ido, to kowane koci zai rantse min nasa hannun iska ce.

Baban Khalifa:
Dokar Turawa ce wannan, an rubuta ta don manya. Su filinsu mita 12 ne sau 12, akwai sifirin a ƙasansa, yaro na dira yana lilo. Katifar saukarsu kaurinta santimita 20. Mu fa? Ranar Asabar siraran katifu aka jera a kan siminti, har akwai inda biyu suka rabu ana ganin daɓe. A kan wannan za a ce koci ya ja baya?

Tsohon Koci:
Ku ba ni dama in sa baki, don wannan magana ta taɓa ni inda yake min ciwo. Tun kafin Kaduna ta karɓi gasar wasanni ta ƙasa a 2009 nake cikin harkar nan, gwiwoyina ne suka sallame ni.

Abubuwa uku ne kuke haɗawa wuri ɗaya. Akwai tsayawa kusa, hannu a buɗe ba a taɓa yaro ba. Akwai tallafi, wato hannunka na cikin motsin tun daga tashi, kai ne rabin ƙarfin. Sai kuma cafka, yaro ya riga ya kuɓuce, kansa ya nufi ƙasa, ka tare shi. Na farko tsaro ne, na biyu koyarwa ce, na uku ceto ne. Wurin atisaye duka ukun halal ne. Ranar gasa na biyun ne kawai bai da wuri.

Shekarun baya ina da wani yaro, ɗan sha ɗaya, mai ƙarfin hannu ƙwarai. Muna wata gasa a wajen jiha, yana kan sandar lilo, shi ke kan gaba. Zai sauka na ga ya saki sandar da wuri, da ɗan kaɗan, abin da idon koci kaɗai ke gani. Ina tsaye a gefe, hannuna ya riga ya tashi. Sai wani abu a kaina ya ce in ka taɓa shi maki ɗaya ya tafi, zinare ya tafi. Tunanin bai kai ƙiftawar ido ba. Kafin in gama shi yaro ya kai ƙasa da hannun hagu a miƙe. Har yau ina jin ƙarar, kamar an karya busasshen kara. Makin da na yi wa rowa an cire shi duk da haka, tunda faɗuwa ma 1.0 ce. Wata biyu yana ɗaure da hannu, bai sake dawowa ɗakin atisaye ba, uwarsa ta hana, kuma ban ga laifinta ba.

Tun ranar na ce hannun koci ba ya lissafi. In ka ga za a faɗi, cafke, alƙalai su yi aikinsu. Shi ya sa ba zan zagi kociyar Ilham ba kafin in ji ta bakinta. Amma ba zan zagi alƙalan ba su ma.

Hajiya Babba:
Innalillahi. Allah ya kiyaye mana zuri'a. Ni jikata nake kaiwa, duk sanda ta hau siririn katakon nan rufe ido nake. Wai faɗinsa santimita 10, ko tafin ƙafata bai kai ba.

Malamin Wasanni:
Baban Khalifa, da ka ce dokar manya ce, bari in ba ka labarin babbar cikinsu. Simone Biles ta Amurka, a gasar duniya ta 2023 a birnin Antwerp na Beljiyam. Tana da wani tsalle a tebur wanda ba macen da ta taɓa yin sa a gasar duniya kafin ita, juyi biyu a iska jiki a ninke, darajarsa 6.4, har aka sa masa sunanta. Saboda haɗarinsa kocinta Laurent Landi yakan tsaya a kan katifa lokacin da za ta yi. Bai taɓa ta ba fa, tsayuwa kawai, amma an cire mata 0.5 saboda dokar lokacin ba ta yarda koci ya tsaya a wurin ba. Kuma sun san za a cire, suka yarda.

A wasan ƙarshe na tebur ta dira da ƙarfi ta mirgina baya. Rebeca Andrade ta Brazil ta ɗauki zinare da 14.750, Biles ta samu azurfa da 14.549. Tsalle biyu ake haɗawa a raba biyu, don haka rabin makin nan ya ci mata 0.25. Ku yi lissafi da kanku, ba don tsayuwar kocin ba, da faɗuwar da komai ita ke da zinare. Ba ta ce an zalunce ta ba. Da aka zo Paris a 2024 ta yi tsallen ba kowa a kan katifa, ta ɗauki zinaren.

Baban Khalifa:
Malam ai ka ƙara min hujja ne. Mutum bai taɓa ta ba an cire maki. Wannan doka ce ko mugunta?

Tsohon Koci:
A nan kam ina tare da kai, Alhaji. Hukunta tsayuwa ban taɓa ganin hikimarsa ba, balle a kanmu.

Ɗan Barnawa:
Maman Ilham ki gaya wa Ilham kada ta damu da 1.0. Nadia Comaneci ma da ta ci 10 cif a Montreal a 1976, tana da shekara 14, allon sakamako 1.00 ya nuna don ba a ƙera shi da gurbin 10.00 ba. Ke nan ita da Nadia lambarsu ɗaya.

Maman Ilham:
Kai dai ba ka rabo da barkwanci. Ni ba dariya nake ji ba.

Anti Alƙaliya:
A yi wa kundin adalci, ba ko'ina ya hana tsayuwa ba. A sanduna biyu na mata an yarda koci ya tsaya kusa don tsaro, saboda sakin sanda da sake kamawa a sama da mita biyu ba wasa ba ne. Maza kuma koci ne ke ɗaga su su kama zobba ko sandar lilo, ba a cire komai. Bayan haka duk shekara huɗu ake sabunta kundin, bayan kowace Olamfik. Wasu dokokin ma jini ne ya rubuta su. Wata yarinya 'yar Amurka, Julissa Gomez, a 1988 a Japan ƙafarta ta goce daga katakon tsalle, kanta ya bugi dokin tsalle, abin da ake dafawa a lokacin maimakon tebur, ta shanye, ta rasu a 1991. Yau duk mai yin irin tsallen nan da ake shiga da baya dole a zagaye katakon da katifar kariya, in babu ita sifili ne. Masu rubuta dokar sun san tsaro. Abin da suke gudu shi ne gasa ta koma ta mutum biyu a kan mutum ɗaya.

Kociyar Ilham:
Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, na rasa ta inda zan fara. Maman Ilham, na so in same ki a gida mu yi maganar nan, amma tunda an kawo ta nan bari in faɗa a nan.

Alƙalan ba su yi kuskure ba. Kuma ba cafka na yi ba. Baba Tsohon Koci ya raba abin uku, nawa na biyun ne.

Ilham ba ta taɓa yin alkafurar baya a kan ƙasa ita kaɗai ba. A kan katifa mai gangara tana yi, a kan soso mai kauri tana yi. Da an dawo ƙasa sai in ina gefenta. Wata uku da suka wuce da hannu biyu nake juya ta, ɗaya a baya ɗaya a cinya. Sannu a hankali na koma hannu ɗaya, sai yatsu uku. Ƙarfin ya samu, tsoron ne bai tafi ba. In ta ji ba na kusa sai ta waiga a tsakiyar tashi, kuma waiwayen nan shi ke karya wuya. Na sa mata alkafurar a gasar ne ina fatan ɗokin ranar zai ɗauke ta. Da ta lanƙwasa gwiwa za ta tashi na ga kafaɗarta ta fara karkata hagu, inda na saba tsayawa. Na sani nemana take. Sai na taka na kai hannu.

Laifina ne. Kamata ya yi in cire alkafurar daga jerinta tun ranar Alhamis.

Tsohon Koci:
'Yata, Allah ya miki albarka. Kocin da zai faɗi wannan a gaban iyaye ba su da yawa. Hannun da kika kai daidai ne. Kuskuren a takardar jerin motsi yake, ba a katifa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maman Ilham:
Malama, to me ya sa ba ki gaya min ba?

Kociyar Ilham:
Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Sati uku a jere in kin zo ɗaukarta tambayarki ɗaya ce, ko za ta yi alkafurar a gasa, don 'yar maƙwabciyarku tana yi. Na kasa ce miki a'a. Wannan ma laifina ne, ba naki ba.

Hajiya Babba:
Hmm. Mu iyaye ma sai mun riƙa jan linzami.

Anti Alƙaliya:
Ga abin da zai ba ku haushi kuma. A kundin duniya motsi hawa-hawa ne, A darajarsa 0.1, B 0.2, haka har sama. Alkafurar baya a ƙasa tana rukunin A. Wato don neman ɗigo ɗaya aka zubar da maki guda. Da ta tsaya a kan abin da ta iya, wulla gefe mai tsafta, tsayuwar hannu ƙafa a haɗe yatsu a miƙe, da makin aiwatarwarta kaɗai ya kai ta cikin ukun farko, don na san yarinyar, jikinta a miƙe yake. A matakin yara tsafta ke cin gasa. Iyaye kuma alkafura suke wa tafi, ba wanda ke tafa wa miƙaƙƙiyar gwiwa.

Maman 'Yan Biyu:
Ƙanwata tana Amurka, 'yarta na wannan wasa. Ta ce su can yara ba da kundin duniya suke gasa ba. Suna da matakai daga 1 zuwa 10, kowane da abin da ake buƙata, sakamako daga 10 ake ragewa. Faɗuwa rabin maki ce, tallafin koci ma rabin maki, sai kuma a hana yarinya darajar motsin. Me zai hana mu ma mu rage zuwa rabi?

Baban Khalifa:
Yawwa. Ko ma a cire gaba ɗaya ga 'yan ƙasa da shekara goma.

Anti Alƙaliya:
Rabin maki a tsarin da faɗuwa ma rabi ce, ai abu ɗaya ne da namu. Ba su sa taɓawa ta fi faɗuwa arha ba, kuma nan ne gizo ke saƙar. Alhaji, ka ɗauka an cire hukuncin kamar yadda kake so. Koci mai ƙarfin damtse zai sa wa yarinya 'yar bakwai juyin da ba ta iya ba, ya juya ta da hannunsa a gaban alƙalai, ta ɗauki lamba. Ɗanka Khalifa da ya yi wata shida yana koyon nasa shi kaɗai ya koma gida hannu rabbana. Shekara mai zuwa kowane koci zai bi sahu, yara su riƙa hawa motsin da ya fi ƙarfinsu. Ran da suka je gasar matasa ta ƙasa, irin wadda aka yi shekaru ana yi a Ilorin kafin a koma Asaba, ba mai barin koci ya taka katifa. A can ne za a karye. Hukuncin nan shi ke sa koci ya ce wa uwa 'yarki ba ta kai ba tukuna.

Baban Khalifa:
Na ji, amma ban gamsu duka ba. Har yanzu yarinya ce ta yi kuka, ba koci ba.

Tsohon Koci:
Wannan kam haka ne, kuma ba dokar da za ta gyara shi. Ni abin da zan roƙi masu shirya gasa a garin nan guda biyu ne. Koci ya tsaya kusa a kowane wasa ba tare da an cire komai ba, muddin a kan simintin nan muke. Sannan in yaro ya kuɓuce aka cafke shi, a cire na faɗuwa kawai, kada a haɗa masa biyu. In koci ya san cafka ba za ta ƙara wa yaro asara ba, ba zai tsaya yin lissafin da na yi ba. Tallafi kuwa a bar shi yadda yake, maki ɗaya, motsi ya tashi.

Anti Alƙaliya:
Baba, na yarda da duka biyun, da sharaɗi. Mai tsayuwa ya yi shiru. Ban da ƙirga wa yarinya, ban da tafa hannu ko "tashi!", wannan ma taimako ne kuma kundin ya hana. Kuma a rubuta a takarda a raba wa kowane kulob sati biyu kafin gasa, a sake karantawa da safe a gaban koci-koci da iyaye. Na tambaya, ranar Asabar ba a yi wannan zaman ba, an makara aka shiga wasa kai tsaye. Da an yi, da Maman Ilham ba ta ji dokar a karon farko a bakin tebur 'yarta na kuka ba.

Malamin Wasanni:
Zan rubuta daftarin in turo nan ku gyara. Wa ke da lambar masu shirya gasar watan gobe ya turo min ta gefe.

Ɗan Barnawa:
A sa batun katifu a ciki don Allah. Uche Eke da ya ci wa Najeriya zinare a Rabat a 2019 har ya je Olamfik ta Tokyo, ba a kan daɓe ya koya ba.

Maman Ilham:
Na ɗan ɓace, na je ɗauko su daga islamiyya. A hanya na tambayi Ilham ko ta ji hannun Malamarsu ranar. Ta ce ba ta ji ba. Na ce to da Malama ba ta matso ba fa? Ta yi shiru har muka wuce shataletale, sannan ta ce da ba za ta tashi ba, tsayawa za ta yi kawai.

Malama, ki cire mata alkafurar a ta watan gobe. Ranar Asabar ƙarfe nawa, tara ko goma? Babanta ya ce akwai tsohuwar katifar soso a sito mai kauri, in za ta yi amfani a sa a bayan mota.

Kociyar Ilham:
Tara ne Hajiya. A kawo katifar, amma a duba kada ta lotsa a tsakiya.